Kula da Fentin Motar Hannu a Ƙasar Fadama

Hakimin da ya ke riƙe da ƙasar fadama ba ya rabuwa da hanya. Yau rangadi, gobe duba ɓarnar ruwa, jibi sasanta manomi da makiyayi, gata kuma kiran fada. Galibin motocin da a ke wannan zirga-zirga da su kuwa ba sababbi ba ne, motocin hannu ne waɗanda suka yi shekaru a hannun wani kafin su iso. Mutane da yawa sun ɗauka fentin mota ado ne kawai, in ya ƙoƙe sai a ce ai inji ne ke tafiya. Wannan magana tana iya wucewa a ƙasar tudu mai ƙarancin ruwa. A wajen Baturiya ba ta wucewa, domin a can fenti shi ne garkuwar ƙarfe, kuma motar da tsatsa ta cinye ƙasanta ta tashi daga aiki ko da injinta lafiya lau ya ke.

Abin da ƙasar ta ke yi wa mota

Baturiya tana cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, gabas da birnin Haɗejiya, a inda kogin Haɗejiya da rassansa su ke malala kowace shekara su cika tafkuna da ƙoramu. A 2008 aka shigar da dausayinta, mai faɗin fiye da hekta 100,000, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, saboda itatuwansa da tsuntsayen da ke zuwa masa daga nesa, har daga Turai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sake. Ruwa ya kan zo har da rani, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa, sai ya riƙa fantsama inda ba a saba ganinsa ba. Watau direba ba ya iya cewa damina ta wuce, ya huta da taɓo. A shekarun babbar ambaliya kuwa, kamar 2022, hanyoyi da yawa na ƙasar Haɗejiya sun nutse ɗungum.

Tsatsa abu uku ta ke bukata: ƙarfe tsirara, da laima, da iska. In gishiri ko kanwa suka shiga cikin laimar, sai cin ya ƙara sauri. Lakar fadama kuwa yumɓu ce mai danƙo. Ta kan liƙe a bayan tayoyi, da cikin lungunan ƙasan mota, da bakin ƙofofi, ta bushe daga waje alhali cikinta da danshi har kwana da kwanaki. Duk inda tsakuwa ta taɓa ɓantare fenti a ƙarƙashin wannan laka, nan tsatsa za ta kafa gindi, ta riƙa bin ƙarƙashin fenti tana ɗaga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga sama kuma akwai rana. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan ƙasa ya kan wuce digiri 40, rufin baƙar mota kuwa ya kan yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kansa. Hasken rana ne ke kashe ƙyallin fenti, shi ya sa rufi da murfin inji su ke fara lalacewa kafin ƙofofi. Ƙayar gabaruwa da kabar goruba suna karce gefe a ƙananan hanyoyi. In an gudu daga rana aka fake gindin itace, ga kashin tsuntsu da na jemage, ga ƙaro yana ɗiga.

Yadda fenti ya ke

Kafin 1924 fentin mota a masana'anta ya kan ɗauki makonni bai bushe ba. A wannan lokaci ne kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda a ke fesawa ya bushe da sauri. Tun daga nan aikin ya yi ta sakewa, har ya kai ga yadda ya ke a yau, watau hawa huɗu bisa ƙarfe. Na ƙasa duka shi ne mai hana tsatsa, wanda a ke tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin kwatarniyarsa, a sa wutar lantarki ta manna shi har cikin lunguna. Bisansa akwai fentin shimfiɗa, galibi ruwan toka. Sa'an nan launi. Sa'an nan na sama, wanda ba shi da launi ko kaɗan, garai ya ke kamar gilashi, shi ne mai ƙyalli kuma shi ne mai tare rana. Wannan na sama ya yaɗu ne daga shekarun 1980. Tsofaffin motoci da yawa ba su da shi, launinsu shi ne a waje. Ana gane su da cewa in an goge su da man gogewa tsumma ya kan ɗebo launin motar.

Abin da ya kamata malamin hakimi ya riƙe shi ne, duk hawa huɗun nan in an haɗa su kaurinsu bai fi na fallen takardar da ya ke rubutu a kai da wani abin kirki ba, watau kashi ɗaya cikin goma na milimita ko sama da haka kaɗan. Na saman bai kai rabin wannan ba. Kowace gogewa tana rage shi, ba ya kuwa tofowa. Har wa yau, wancan na ƙasa da aka tsoma a masana'anta ba mai fentin da zai iya mayar da irinsa a gareji. Saboda haka fentin asali, ko da ya dushe, ya fi sabon feshi daraja, kuma kankare mota duka don kawai a sake mata launi asara ce.

Kafin a biya kuɗi

Motocin hannu da yawa daga Turai da Amurka su ke zuwa, waɗanda a ke kira na Kwatano ko na Beljiyam. A ƙasashen can ana watsa gishiri bisa tituna da hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, don haka mota tana iya isowa samanta sumul, ƙasanta kuwa ya riga ya fara ciwo. Waɗansu kuma motocin haɗari ne ko na ambaliya da aka yi wa kwaskwarima. Mai sayarwa ya san aikinsa: zai wanke ta, ya shafe ta da mai, ya nuna ta da la'asar sakaliya. Kada a duba mota da magariba, kada a duba ta tana jiƙe, domin ruwa yana ɓoye karce.

A fito da ita fili da hantsi. Mai dubawa ya tsuguna a kusurwar gaba ya miƙa ido tare da gefenta har baya. Ƙarfen masana'anta miƙaƙƙe ne, inda aka yi gyara kuwa haske ya kan yi kwarkwasa kamar fuskar ruwa. Ya gwada launin ƙofa da na makwabciyarta. Ya ɗaga robar gilashi da ta ƙofa ya ga ko feshi ya hau kansu. Ya naɗe mayen ƙarfe cikin ƙyalle ya bi da shi ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi; inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cika da shi. Sai dai a lura, bambar motocin yanzu roba ce, mayen ƙarfe ba ya kama ta. Haka kuma tsohuwar Land Rover, wadda tun fitowarta a 1948 aka yi jikinta da alminiyam. Irin wannan jiki ba ya jar tsatsa, amma ƙashin da ya ke zaune a kai ƙarfe ne, can ne a ke dubawa.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi da tocila, a ƙwanƙwasa ƙashin motar da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana da amo, ruɓaɓɓe kuwa sai ya amsa dum, ɓawo ya zubo. In an ga an shafe ƙasan da baƙin kwalta sabo fil, a tambayi dalili. A ɗaga shimfiɗar ƙafa, a shinshina, a duba kusoshin da suka riƙe kujeru da ramin safayar taya. Tsatsa a kusoshin kujera, ko busasshiyar laka a inda ƙafa ba ta kaiwa, alama ce motar ta taɓa nutsewa. Wannan a bar wa mai ita, kome arharta, domin cutarta ba ta tsaya ga fenti ba, ta shiga wayoyin wuta.

Wanki

Yawancin karcen da ke jikin motocin ofis ba ƙaya ce ta yi shi ba, tsumman direba ne. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana gauraye da ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri. Direba mai himma ya kan fito da sassafe ya share ta da busasshen tsumma domin kada ranka ya daɗe ya fito ya tarar da ƙura. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma abin da ya yi daidai ya ke da goga samfefa. In aka tsayar da motar a rana za a ga zane-zane siri-siri suna kewaya kamar saƙar gizo. Kamata ya yi hakimi da kansa ya gaya wa direba cewa ya fi son ganin ƙura da ganin busasshen tsumma, domin muddin direba yana tsoron faɗa ba zai bari ba.

A yi wanki a inuwa, jikin mota da sanyi. A fara kwara ruwa daga rufi ya kwashe ƙurar kafin hannu ya taɓa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soso ya ɗebo kada ya koma jikin mota. A bi daga sama zuwa ƙasa, tayoyi su zo ƙarshe da nasu tsumman dabam. Sabulun wankin mota ya fi. Garin omo yana wanke kakin da aka shafa, ya bar fenti ba kariya. Ruwan kogi a bar shi ya kwanta tukuna. Ruwan rijiyar da ke da kanwa kuwa kada a bar shi ya bushe da kansa, a tsane shi da tattausan ƙyalle, in ba haka ba zai bar farin tabo.

Ranar da aka keta taɓo, wankin ƙasa ya fi na sama muhimmanci. A fatattaki lakar bayan tayoyi tun ba ta ƙanƙare ba. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi domin ruwa ya fita. In laka ta toshe su ƙofa ta zama tulu, sai a buɗe su da tsinke. In ruwa ya shigo ciki, a fitar da shimfiɗa a shanya, a bar ƙofofi buɗe, domin audugar da ke ƙarƙashin shimfiɗa ta kan riƙe ruwa makonni. Al'adar tura mota cikin tafki a wanke ta ba ta da kyau ta kowace fuska. Mai da bakin mai suna cutar da kifi da tsuntsaye, ruwa yana shiga birki, yaron da ya tsaya cikin kwantaccen ruwa kuma yana iya ɗaukar tsargiya.

Kashin tsuntsu ba ya jira. In ya bushe a rana bisa zazzafan fenti ya kan bar tambarinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a kankare shi. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai ya yi laushi, sa'an nan a ɗauke. Ƙaro yana narkewa da ruwan ɗumi. Kwalta ana cire ta da ɗan kananzir, a bi da sabulu nan take. Man birki kuwa yana cin fenti, in ya ɗiga a kwara ruwa maza. Masu shafa man gas don mota ta yi ƙyalli ƙura kawai su ke gayyata.

Bayan wanki a shafa kakin mota siriri, a bari ya dushe, a goge. Sau uku ko huɗu a shekara ya isa, ɗaya kafin faɗuwar damina, ɗaya kafin hazo. In ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo bisa murfin inji, kaki ya ƙare. Rumfar zana a ƙofar gida ta fi duk wani man shafawa amfani, ta kuma fi tamfol, domin tamfol da aka lulluɓa bisa ƙura, iska tana kaɗa shi, shi ma samfefa ne.

Auna zurfin ciwo

Ba kowane karce ne ke bukatar mai fenti ba. Abin tambaya ɗaya ne: ina ya tsaya? A jiƙa wurin da ruwa. In karcen ya ɓace sa'ad da ya ke jiƙe, kuma farce ba ya sarƙewa a ciki, to bai wuce hawan sama ba. Wannan man gogewa da tattausan ƙyalle suna fitar da shi, ko su rage shi yadda ido ba zai kula ba. A yi ɗan wuri kaɗan, a duba, a tsaya da zarar ya isa. Injin gogewa a hannun wanda bai iya ba ya kan ƙone fenti a kan kusurwa cikin ƙiftawar ido.

In an ga ruwan toka a cikin karcen, ya kai shimfiɗa. In an ga farin ƙarfe ko ja, ya kai ƙarshe, kuma wannan shi ne wanda ba a ɗaga wa ƙafa, kome ƙanƙantarsa. Tabon tsakuwa kamar ƙwayar gero ya fi dogon karce marar zurfi haɗari. Maganinsa ba shi da tsada. A wanke, a bushe, a kankare jar tsatsar da bakin samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗiga fentin shimfiɗa da tsinken ashana, in ya bushe a ɗiga launi, siriri sau biyu ko uku, ba a cika shi gaba ɗaya ba. Kowace mota tana da lambar launinta a wani ɗan allo, galibi a dogaran ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji. Da ita masu haɗa fenti a Haɗejiya ko Kano za su haɗa daidai, ko da ya ke launin da ya sha rana shekaru ba zai zo sak da sabo ba. In lambar ta ɓace, a ciro murfin tankin mai a kai musu. In ana daji kuma ba fenti, ko ɗan man giris da aka shafa bisa tsiraran ƙarfen yana tare laima kafin a dawo gida.

Akwai kuma ciwon da ba ya jin magani. In hawan sama ya fara yin fari-fari yana saɓa kamar fatar maciji, a rufi ko murfin inji, to ya mutu. Man gogewa zai sa shi ƙyalli na mako guda, sa'an nan ya dawo. Sai an goge wannan ɓangare an sake fesawa. Amma tun da launi da shimfiɗa suna nan a ƙarƙashi, ƙarfe bai fito ba, wannan yana iya jira har kuɗi su samu. Wanda ba ya jira shi ne fentin da ya kumburo kamar bororo a ƙasan ƙofa ko bakin taya. Wannan tsatsa ce ta ci daga ciki ta fito, kuma abin da ke ɓoye ya fi wanda a ke gani yawa.

A gaban mai gyara

Nan ne kuɗin hukuma su ke salwanta. Gyaran gaskiya shi ne a kankare har a iske lafiyayyen ƙarfe, inda ya huje a yanke a yi waldar sabon falle, a shafe bayan waldar da maganin tsatsa, sa'an nan a bi da foti siriri domin daidaita fuska. Foti ba ƙarfe ba ne, yana shan ruwa, kuma in kaurinsa ya wuce kamar milimita 5 ko 6 girgizar hanya za ta tsaga shi. Gyaran ha'inci kuwa shi ne a cusa takarda ko raga cikin ramin, a lafta foti, a fesa launi. Ranar karɓa duka biyun kamarsu ɗaya. Bayan damina ɗaya a ke bambanta su. Don haka kada a biya kuɗin aiki gaba ɗaya. A raba shi uku, malamin hakimi ko direba ya je ya ga ƙarfen da idonsa bayan walda tun ba a rufe shi ba, ya sake zuwa bayan an fesa shimfiɗa. Mai gyaran da ya san ya yi aikin kirki ba ya jin haushin wannan.

Lokacin aiki ma abin lura ne, domin yawancin masu fenti a fili su ke fesawa. Cikin tsakiyar hazo ƙura za ta zauna bisa ɗanyen fenti. Cikin Agusta laima za ta dushe shi. Da tsakar ranar bazara kuwa ya kan bushe tun bai kwanta ba, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko shi ne mafi dacewa, sai kuma sanyin safiyar bazara, a yayyafa wa ƙasa ruwa domin ƙura ta kwanta. Duk tsiraran ƙarfen da ke jikin mota lalle a rufe shi kafin ruwan Yuni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon fenti kada a shafa masa kaki sai ya yi kamar wata biyu, ruwa zalla ya ishe shi. Fentin zamani da a ke haɗawa da maganin ƙanƙara yana da guba mai lahani ga huhu, ƙyallen da yara su ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Hakimi yana da ikon ya hana a yi feshi kusa da gidajen kwana ko rumfar masu abinci.

In za a sake wa mota launi dabam da wanda ke cikin takardunta, doka ta bukaci a sanar da ofishin lasin domin a gyara takardun, in ba haka ba direba zai sha tambaya a hanya.

Ya kamata kowane ofishin hakimi ya ware wa mota shafi a littafi. A rubuta lambar launinta, da ranar da aka saye ta, da duk tabon da aka same ta da shi. Sau biyu a shekara, a farkon Mayu da ƙarshen Oktoba, malami da direba su kewaye ta tare bayan an wanke ta, su leƙa ƙarƙashi, su rubuta abin da ya ƙaru da inda ya ke. Aikin da aka bayar a rubuta shi dalla-dalla, wace ƙofa, walda ko foti, nawa aka biya, wa ya je ya gani, mai gyara ya sa hannu a ƙasa. In aka sake direba, ko motar za ta koma hannun wani ofis, da wannan shafi za a miƙa ta.